Jimla Ɗaya, Waƙafi Uku: Tarihin Gardamar Bindiga A Amurka

Da wuya shekara ta zagayo ba mu ji gidajen rediyo sun kawo labarin cewa wani mutum a Amurka ya saɓi bindiga ya shiga makaranta, ko kasuwa, ko wurin ibada, ya buɗe wa bayin Allah wuta ba. Duk sa'ad da aka ji irin wannan labari a majalisa, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: ƙasar da ta iya kai mutum duniyar wata, me ya hana ta karɓe makamai daga hannun jama'arta? Amsar da aka saba bayarwa ita ce wai tsarin mulkinsu ne ya ɗaure musu hannu. To, akwai gaskiya a cikin wannan amsa, sai dai ba ta cika ba, domin kuwa in muka bi tarihi za mu tarar cewa tsarin mulkin nan ya shekara fiye da 200 yana aiki kafin Kotun Ƙoli ta ƙasar ta taɓa soke wata dokar bindiga da sunan haƙƙin mallakar makami da ke cikinsa. Sai a 2008 aka fara. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Abin da ya sa muka ga dacewar kawo wannan batu a gaban 'yan uwa marubuta shi ne, rigimar gaba ɗayanta a kan jimla ɗaya tak ta ginu, mai kalmomi 27 a harshen Ingilishi. James Madison ne ya gabatar da daftarinta a majalisa a 1789, aka tabbatar da ita ranar 15 ga Disamba, 1791, a matsayin gyara na biyu cikin gyare-gyare goma na farko da aka yi wa tsarin mulki. Ma'anarta a taƙaice ita ce: tunda rundunar 'yan ƙasa mai kyakkyawan tsari wajibi ce ga tsaron 'yantacciyar ƙasa, ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makamai ba. Wanda duk ya zauna ajin nahawu zai lura cewa ganga biyu ce a nan, ta farko dogarau, ta biyu tsayayya. Shin ta farkon sharaɗi ce ga ta biyun, wato an ba jama'a makami ne domin aikin rundunar kaɗai? Ko kuwa shimfiɗa ce kawai, irin wadda mai jawabi kan yi kafin ya shiga magana? Daɗin daɗawa, kwafin da majalisa ta zartar yana da waƙafi uku, wanda kuma Thomas Jefferson ya tantance yana sakataren harkokin waje waƙafi ɗaya gare shi. Manyan lauyoyi sun tsufa suna jayayya a kan waɗannan 'yan ɗigo-ɗigo da ɗalibanmu ke zubarwa inda suka ga dama.

Kafin mu gane abin da masu rubutun suke nufi, wajibi ne mu san abin da suke tsoro. Mutanen nan ba su daɗe da fita daga yaƙin ƙwatar 'yanci ba, yaƙin da ya ɓarke ranar 19 ga Afrilu, 1775, lokacin da sojojin Ingila suka nufi garin Concord domin su ƙwace makamai da albarushin da mazauna suka tara. Sun ga abin da sojan sarki mai cin albashi yake iya yi wa talaka, saboda haka suka fi amincewa da rundunar manoma da maƙera da 'yan tireda, waɗanda za a kira in buƙata ta taso, in an gama kowa ya koma gonarsa. A 1792 majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa kowane namiji farar fata, ɗa, mai ƙoshin lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya shiga wannan runduna, ya kuma tanadi bindigarsa da albarushinsa da kuɗin aljihunsa. Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Mallakar bindiga a lokacin wani nauyi ne da hukuma ta ɗora, har akan fito da mutane fili a duba kayansu. Sannan kuma ya lura da kalmar farar fata, domin za mu dawo kanta. Ita kuwa bindigar da ake magana a kai, 'yar uwar bindigar toka ce ta maharbanmu, wadda ake ɗurawa ta baki, gwanin soja ma bai wuce ya harba sau uku a minti ɗaya ba.

Har ila yau, dokokin taƙaita bindiga sa'annin wannan haƙƙi ne, tare suka taso. A 1783 an haramta ajiye bindiga ɗure a cikin gidajen birnin Boston saboda tsoron gobara da haɗari. A 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka haramta yawo da ɓoyayyen makami. Kai, har yankin nan na yamma da muka sani a finafinan kaboyi, waɗanda da yawa daga cikinmu suka kalla a silima, inda ake nuna kowa da libarba a kwankwaso, ba haka abin yake ba a cikin garuruwa. A Dodge City da Tombstone doka ce baƙo ya ajiye bindigarsa in ya shigo gari, ya karɓa in zai fita. Shahararren artabun nan na Tombstone, na watan Oktoba 1881, wanda aka yi wa finafinai ba iyaka, ya tashi ne sa'ad da masu tsaron gari suka je karɓe makaman waɗansu mutane da suka karya wannan doka. Ashe abin da muka yi ta tafa wa a silima, aikin tilasta dokar bindiga ne.

Yanzu sai mu koma kan kalmar nan ta farar fata, domin a nan ne tarihin ya fi nauyi, a nan ne kuma masu gardamar na ɓangarorin biyu suka fi son a wuce da sauri. Tun zamanin mulkin Ingila, yankunan da ke da bayi sun hana baƙar fata riƙe bindiga, ƴaƴan rundunar 'yan ƙasa kuwa a kudancin ƙasar su ne kan yi sintiri domin murƙushe boren bayi. A 1857, cikin shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, babban alƙalin ƙasa Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, cikin hujjojinsa kuwa har da cewa in aka yarda ya zama, to zai sami damar riƙe makami ya tafi da shi duk inda ya so. Da aka gama yaƙin basasa a 1865 aka 'yanta bayi, nan da nan jihohi irin su Mississippi suka yi dokar hana 'yantattun mallakar bindiga sai da izinin hukuma, gungun fararen fata kuma suka riƙa bi gida-gida da dare suna ƙwacewa. A 1873, a garin Colfax na Louisiana, aka yi wa baƙaƙen fata gommai kisan gilla, da yawansu bayan sun miƙa wuya. Da magana ta je Kotun Ƙoli, sai ta yanke a 1876 cewa gyara na biyu gwamnatin tarayya kaɗai ya ɗaure, bai shafi abin da mutane suka yi wa mutane ba, makasan kuwa suka tafi abinsu. Shekara 80 bayan haka, a 1956, da aka jefa bam a gidan Martin Luther King a Alabama, ya nemi lasin ɗaukar bindiga, hukuma ta hana shi. Saboda haka in muka ji baƙar fatar Amurka yana cewa bai yarda hukuma ta zaɓi wanda zai riƙe makami ba, kada mu yi saurin cewa ya ɓata. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, ina ƙungiyar nan ta masu bindiga da ake kira NRA, wadda sunanta ke fitowa a duk lokacin da aka tayar da wannan magana? An kafa ta a Niyok a 1871. Waɗansu tsofaffin hafsoshi biyu ne, William Church da George Wingate, suka ga yadda sojojinsu ba su iya saiti ba a lokacin yaƙin basasa, suka kafa ta domin koyar da harbi. Kusan shekara 100 aikinta ke nan: gasar harbi, da farauta, da koya wa yara yadda ake riƙe bindiga ba tare da haɗari ba. Lokacin da aka haramta giya a ƙasar, daga 1920 zuwa 1933, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone suka addabi Shikago da bindigogi masu aman wuta, har a rana ɗaya cikin Fabrairu 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bango aka harbe. Wannan na cikin abin da ya haifar da babbar dokar tarayya ta farko a 1934, wadda ta sa harajin dala 200 da rajista a kan irin waɗannan makamai, kuɗin da ya kai farashin bindigar kanta. Shugaban NRA na lokacin, Karl Frederick, ya gaya wa majalisa cewa shi bai yarda da yawo da bindiga barkatai ba, ya kamata a taƙaita shi sosai, kuma sai da lasin. A 1939 Kotun Ƙoli baki ɗayanta ta tabbatar da dokar, a shari'ar wani ɗan fashi mai suna Jack Miller da aka kama da bindigar da aka datse wa baki, ta ce ba a nuna mata alaƙar wannan makami da rundunar 'yan ƙasa ba. Wato ganga ta farko ita ke jan ta biyu. Kotunan ƙasa suka bi wannan karatu kusan shekara 70.

Shekarun 1960 ne suka girgiza komai. Bindigar da aka kashe Shugaba Kennedy da ita a watan Nuwamba 1963, ta gidan waya aka sayo ta, a kan abin da bai kai dala 20 ba, daga wata talla da aka buga a mujallar NRA. Ranar 2 ga Mayu, 1967, wajen mutum 30 na ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suka shiga majalisar dokokin Kalifoniya riƙe da bindigogi, abin da dokar jihar ba ta hana ba a lokacin. Kafin wata uku gwamna ya sa hannu a dokar da ta haramta yawo da bindiga ɗure a bainar jama'a, yana cewa bai ga dalilin da zai sa ɗan ƙasa ya riƙa yin haka a kan titi ba. Sunan gwamnan Ronald Reagan. A 1968 aka harbe Martin Luther King a Afrilu, aka harbe Robert Kennedy a Yuni, sai majalisar tarayya ta hana cinikin bindiga ta gidan waya, ta kuma hana masu manyan laifuffuka mallakarta. Shugabannin NRA sun yi ƙorafi a kan waɗansu sassa, amma suka ce doka ce da maharba za su iya zama da ita.

A nan ne fa ƙungiyar ta dare gida biyu. Dattawan da ke riƙe da ita suka shirya janye jiki daga siyasa, su kwashe ofishinsu daga Washinton zuwa Colorado, su koma kan farauta da wasanni. Waɗansu kuwa, a ƙarƙashin Harlon Carter, tsohon shugaban masu tsaron kan iyaka, suna ganin kowace doka mataki ce zuwa ga ƙwace bindigogi baki ɗaya, ga shi kuma laifuffuka na ƙaruwa a birane, mutane na sayen bindiga domin tsoro. A taron shekara-shekara na watan Mayu 1977 a Cincinnati, mutanen Carter suka zo a shirye, suka yi amfani da ƙa'idojin taron kansu, aka kwana ana ƙuri'a har gab da asuba, gari ya waye sun kori dattawan. Duk wanda ya taɓa halartar zaɓen ƙungiya ya san yadda 'yan tsiraru masu shiri kan kayar da masu rinjaye da suka zo shan lemo. A 1980, karo na farko a tarihinta, NRA ta tsayar da gwaninta a zaɓen shugaban ƙasa, gwanin kuwa shi ne Reagan ɗin nan dai. Da ta rubuta gyara na biyu a bangon zauren hedkwatarta, ganga ta biyu kaɗai ta rubuta, ta bar ta farko.

Abin da ya biyo baya aikin alƙalami ne, shi ya sa ya kamata marubuta su dube shi da kyau. Shekara da shekaru lauyoyi da masana, waɗansu da tallafin ƙungiyar, waɗansu da ra'ayin kansu, suka yi ta cika mujallun shari'a da maƙalu masu cewa jimlar nan haƙƙin mutum ɗaya-ɗaya take nufi, ba na runduna ba. Sun kawo hujjoji na gaske: kalmar jama'a a sauran gyare-gyaren mutum ɗaya-ɗaya take nufi, dokar Ingila ta 1689 ma ta yarda wa Furotestan su riƙe makami domin kare kansu. Tsohon babban alƙalin ƙasa Warren Burger, wanda ɗan ra'ayin riƙau ne, ya fito a talabijin a 1991 ya kira wannan karatu zamba cikin aminci da ake yi wa jama'a. Amma sannu ba ta hana zuwa. A fagen siyasa ma haka aka yi ta ja-in-ja. Harbin da aka yi wa Reagan a 1981 ya naƙasa kakakinsa James Brady, sai bayan shekara 12 aka sami dokar binciken mai saye da ke ɗauke da sunansa, a 1993. A 1994 aka haramta sayar da waɗansu bindigogi masu kama da na soja har shekara goma. A zaɓen wannan shekara jam'iyyar Dimokurat ta rasa Majalisar Wakilai, karo na farko cikin shekara 40, Shugaba Clinton kuma ya ɗora wa NRA wani kaso na alhakin. 'Yan siyasa suka ɗauki darasi, da wa'adin dokar ya cika a 2004 aka bar ta ta mutu.

A 2008 aka zo inda aka daɗe ana nufa. Dick Heller ɗan sandan gadi ne a Washinton, yana riƙe ƙaramar bindiga a wurin aiki, amma dokar birnin ta hana shi ajiye irinta a gida. Alƙalai biyar suka ba shi gaskiya, huɗu suka ƙi. Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce ganga ta farko ta faɗi dalili ne kurum, ba ta iyakance ta biyu ba. John Paul Stevens, na ɓangaren huɗun, ya ce a Ingilishin wancan zamani ɗaukar makami magana ce ta aikin soja, waɗansu malaman ilimin harshe ma sun aika wa kotun takarda suna goyon bayan wannan fahimta. Ƙamus ɗaya, tarihi ɗaya, ƙuri'a ɗaya ce ta raba. A ganinmu Stevens ya fi kusa da abin da mutanen 1791 ke tsoro, ko da yake ba mu musun cewa manomin wancan lokaci yana ɗaukar bindigar gidansa haƙƙinsa ce. Shi kansa Scalia ya rubuta cewa haƙƙin yana da iyaka, ana iya hana masu laifi da masu taɓin hankali, ana iya hana shiga makaranta da makami. A 2010 kotun ta faɗaɗa hukuncin zuwa jihohi, mai ƙarar kuwa Otis McDonald ne, wani dattijo baƙar fata ɗan fansho da ɓarayi suka dama a unguwarsu ta Shikago.

Ranar 14 ga Disamba, 2012, wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20, 'yan shekara shida da bakwai, da ma'aikata shida. Mu da muke tsayawa gaban allo kullum, ba ma buƙatar a fassara mana abin da ke nan. Mutane suka ce wannan karon kam dole a yi wani abu, musamman da yake an ga Ostareliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ta tsaurara dokokinta cikin makonni, ta saye bindigogi wajen 650,000 ta lalata. A watan Afrilu 2013 aka kawo ƙudurin faɗaɗa binciken mai saye, wanda ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna kusan mutum tara cikin goma na goyon baya. Ya sami ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa, alhali 60 ake bukata. Dalilin yana cikin ginin majalisar kanta: kowace jiha sanata biyu gare ta, Wyoming da ba ta kai mutum 600,000 ba daidai take da Kalifoniya mai wajen miliyan 39, jihohin karkara kuwa na masu bindiga ne. Sai bayan kisan yara 19 da malamai biyu a Uvalde ta Teksas a 2022 aka sami wata 'yar dokar tarayya. A tsakanin nan makarantu suka koma koya wa yara yadda za su kashe fitila su ɓuya a ƙarƙashin tebur.

Wata cibiyar bincike da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hular Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Harbin kan mai uwa da wabi da rediyo ke kawo mana ɗan ƙaramin kaso ne na wannan adadi. Yawancin mutuwar a ɗaki take faruwa, ko a lungun unguwar talakawa, da ƙaramar bindiga, ba kuma wanda ke kawo labarinta. Masu bindiga kuwa amsarsu ita ce, ɓarawo ba ya neman lasin, ɗan sanda kuma yana nesa. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, domin a watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta shawarci mutanenta su nemi lasin bindiga domin kare kansu daga 'yan fashin daji, babban hafsan tsaron ƙasa ya ce wannan ba hurumin gwamna ba ne. Bambancin shi ne, a wurinmu lasin alfarma ce da hukuma ke bayarwa a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, a can kuwa hukuma ce za ta kawo hujjar hanawa.

A cikin wannan wata na Yuni 2022 ɗin ne kuma Kotun Ƙolin Amurka, da ƙuri'a shida da uku, ta soke ƙa'idar jihar Niyok mai shekara fiye da 100, wadda ta ce sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasin fita da bindiga. Clarence Thomas, baƙar fata ɗan jihar Georgia, shi ya rubuta hukuncin, bai kuma manta ya tuna wa kotun maganar Taney ta 1857 ba. Ya kafa sabon ma'auni: dokar bindiga ba za ta tsaya ba sai an nuna tana da makamanciya a tarihin ƙasar. Nan take alƙalai suka koma tonon kundayen ƙarni na 18 da na 19, har wani alƙalin tarayya a Mississippi, Carlton Reeves, ya tambayi lauyoyi ko ya ɗauko masanin tarihi ne, tunda su alƙalai ba a horar da su a wannan fanni ba. A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar da ta hana bindiga ga mutumin da kotu ta umarta ya nisanci matar da yake cin zarafi, bisa hujjar cewa ba a sami irinta a zamanin Madison ba. Zamanin kuwa, a kusan dukkan jihohi, mace ba ta ma da ƙuri'a. A watan Yuni 2024 Kotun Ƙoli ta maido da dokar, ta ce ba tagwaye ake nema a tarihi ba, dangi ma ya isa. Alƙalai takwas suka yarda da haka, ɗaya ya ƙi, shi ne Clarence Thomas.